Nonon Fiddausi

Ummulkhairi na da wata biyar a duniya ranar da ubanta ya ce a cire ta daga nono.

Safiya ce ta damina a Madarumfa, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk ta yi caɓi. Fiddausi na zaune kan 'yar kujera a bakin ɗakinta, ɗiyar na kwance kan cinyarta tana sha, tana wutsil-wutsil da ƙafa kamar yadda take yi in ta ji daɗi. Mijinta Shamsu ya fito daga ɗaki ya tsaya a kansu. Ya je bakin randa ya kurkure baki, ya tofar, ya duƙa yana duban abin da ya tofar kamar wanda ya yar da allura. Sannan ya dawo.

"Cire mata," in ji shi.

"Ba ta ƙoshi ba tukuna."

"Na ce ki cire mata. Daga yau ta bar shan nononki."

Fiddausi ta ɗago ta dube shi, tana jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, sai shafa wuyansa yake yi da yatsu.

"Mi ya faru? Mi nonon ya yi?"

"Ba shi da kyau."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Ko sai na kawo miki alƙali?"

Mahaifiyarsa, Inna Ɗelu, ta jiyo muryarsa ta fito da carbi a hannu. Shamsu bai bari ta tambaya ba. Ya ce ai ita ma ta ga yawan tumbuɗin da yarinyar ke yi. Ya ce ya yi tambaya a hanya, wani mai sani ya tabbatar masa nonon uwar ne ya ɓaci, in aka bari zai ci yarinyar.

Inna Ɗelu ta juya ga surukarta. "Ke, ko ciki gare ki?"

"A'a, Inna."

"To matso mu gani."

Ta miƙo ludayi. Fiddausi ta juya baya, ta tatsa a ciki, kunya kamar ta nutse. Tsohuwa ta je gindin katanga ta tsinto kiyashi, ta zuba su a nonon, suka tsaya su uku suna kallo. Kiyashin suka yi ta fafutuka, suka gaji, suka daina motsi.

"Kin gani," in ji Inna Ɗelu. "Allah ya so mu. Miƙo mini ita."

Ummulkhairi ɗiyar fari ce. Fiddausi kuwa a garin Gabi aka raine ta, a gidan da ake koya wa mace cewa ɗan fari ba nata ba ne: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi gaban surukai. Ta zare nonon daga bakin yarinyar, ta miƙa ta. Yarinyar ta tsala kuka, nono na bin gefen bakinta. Shamsu ya ɗauki makullin kamyonsa, babbar motar ɗaukar kaya da yake tuƙawa, ya fice.

Babu wani mai sani da ya tambaya a hanya. Abin da ya faru shi ne, cikin bazara ya ɗauki lodin wake zuwa Najeriya, aka riƙe su a bakin iyaka suna jiran takardun duwan, wato kwastan. A wani masaukin direbobi a Jibiya ya bi wata mace ɗaki. Ya yi ta gaya wa kansa ai bai kai ga babban laifin ba, da bakinta kawai ta biya masa buƙata. Ya dawo gida ya ci gaba da kwana ɗakin matarsa. Da damina ta faɗi sai zazzaɓi ya kama shi, ƙuraje suka fito masa a baki, maƙogwaro ya yi ciwo. Ya buɗe salularsa ya bincika, ya ga duk abin da yake ji an lissafa shi cikin alamomin sida, wato ƙanjamau. Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Lissafinsa guda ne: shi ya ɗauko, ya ba Fiddausi, Fiddausi kuma tana ɗura wa ɗiyarsa safe da yamma. Ya rasa bakin faɗin gaskiya, sai ya ɗora laifin kan nono.

Da yamma ya dawo da gwangwanin madara da bibiro, kwalbar nan mai kan roba. Ya ajiye su gaban uwarsa, ya ji a ransa ya yi abin da uba nagari zai yi.

Yarinyar ta ƙi bibiro. Ta yi ta kawar da kai, tana lalube a ƙirjin kakarta. Fiddausi na gindin murhu tana tuƙa tuwo, tana jin kukan, gaban rigarta na jiƙewa. Kafin gari ya waye nononta ya cika ya yi tauri kamar dutse, ko hannu ba ta iya ɗagawa. Zazzaɓi ya rufe ta. Inna Ɗelu ta ce ta riƙa tatsewa a bayan rumbu tana rufewa da ƙasa, kada kaji su sha. Haka ta riƙa yi. Takan tsuguna tana tatsa, tana duban farin nonon yana shiga ƙasa, tana neman inda ɓacin yake. Fari ne tas, kamar na kowa.

Yunwa ta sa yarinyar ta karɓi bibiro. Madarar gwangwani kuwa tsada gare ta, kuma ba ta jimawa. Inna Ɗelu ta fara rage cokali tana ƙara ruwa, wani lokaci ta haɗa da ruwan koko. Ruwan randa take ɗiba kai tsaye. In an gama ta ɗauraye kwalbar ta kife kan turmi, ƙudan damina su yi ta sauka a kan robar.

Wata rana Fiddausi ta daure ta ce, "Inna, da an tafasa ruwan. Haka na ji ana faɗa wurin awon jarirai."

"Da ruwan nan na raini mijinki, ga shi nan yana tuƙa kamyo. Ke da naki ya kasa, ke za ki koya mini?"

Fiddausi ta koma gindin murhu.

Shi ma Shamsu ya canja. Ya ware moɗarsa ta shan ruwa ya rataye a ɗakinsa. Ya daina cin tuwo kwano ɗaya da ƙannensa in sun zo. Ya daina shiga ɗakin Fiddausi. Da can in ya dawo daga tafiya yakan ɗauki Ummulkhairi ya yi ta hura mata ciki da baki har ta shaƙe da dariya. Yanzu daga nesa yake leƙa ta, hannunsa a aljihu. Tsoron yawun bakinsa yake yi. Fiddausi ba ta san haka ba. Abin da ta gani shi ne miji yana ƙyamar ta, har yana ƙyamar abin da ta haifa.

Magana ta fita unguwa, don Inna Ɗelu ba ta iya riƙe labari. A gidan suna, Fiddausi ta miƙa hannu za ta karɓi jariri, uwar ta yi murmushi ta ce yanzu ya yi barci. A bakin tabki, inda mata ke sayen kifi, wata ta tambaye ta da tausayi ko a danginsu ne abin yake. Ta dawo gida tana tunanin uwarta da kakarta, tana neman wanda ta gada.

Ran nan Inna Ɗelu ta tafi ta'aziyya garin Sarkin Yamma. Ta bar mata yarinyar, ta ja kunnenta: ga bibiro nan, kada ta kuskura. Da hantsi yarinyar ta farka da kuka. Fiddausi ta ba ta kwalbar, ta tura da harshe. Ta goya ta, ta zagaya tsakar gida, ta sauke, ta rungume. Yarinyar ta ji ƙamshin uwarta, ta kafa baki a kan riga tana tsotson yadi, tana kuka mai shiga rai. Ba kowa a gidan. Fiddausi ta shiga ɗaki, ta saki labule, ta ɗaga riga.

Yarinyar ta kama da hannu biyu. Ta sha tana ajiyar zuciya, ta sha har gumi ya tsattsafo mata a goshi, ta yi barci da nonon a baki. Fiddausi ta zauna tana kallon ta. A hankali, don ba mai ji, ta kira sunanta.

Washegari zawo ya fara.

Fiddausi ta ga tsumman farko da yarinyar ta ɓata. Ba ta tuna da ƙudan da ke kan bibiro ba, ba ta tuna da ruwan randa ba. Abu ɗaya ta tuna. Ta shiga ɗaki ta ɗauki tsohon zane ta ɗaure ƙirjinta tam, har numfashi na yi mata wuya, ta rantse ba za ta kwance ba sai nonon ya ƙafe. Ba ta gaya wa kowa ba.

"Haƙora ne," in ji Inna Ɗelu. "Kowane yaro na yi."

Aka jiƙa saiwa aka ba ta. Zawo bai tsaya ba, amai ya biyo. Cinyoyin nan da suka yi lanƙwasa-lanƙwasa suka saki. Yarinyar ta daina wutsil-wutsil.

Shamsu na ganin haka in ya dawo. Abin da ya fahimta daban ne: ya makara, ciwon ya riga ya shige ta. A tasha abokansa na shan shayi, shi yana tsaye jikin madubin kamyo ya zaro harshe yana dubawa. Yana taɓa wuyansa yana neman kaluluwa har wurin ya yi ja, jan kuma ya ƙara tsorata shi. Abinci ya daina shiga, ya rame, ramar ta zama wata shaidar. Sau ɗaya ya yi niyyar awon jini. Ya tafi Maraɗi don kada a gan shi a gida, ya kai har bakin ƙofa, sai ya hangi wani mai kifi ɗan unguwarsu zaune kan benci. Ya juya kamar ya ɓata hanya. A mota ya ce wa kansa: in na auna aka ce akwai, mi zai canja? Ai na riga na raba ɗiyar da nonon. Abin da ya rage addu'a ce. Ya ƙara yawan sallar nafila, ya yi sadakar masa ranar Juma'a.

Wata la'asar yana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, Fiddausi ta zo ta durƙusa nesa kaɗan.

"Maigida, magana gare ni."

"Ina ji."

"In wani ciwo ke jikina, ka kai ni gidan likita a duba ni. A auna nonon, a auna jinina. In akwai magani in sha. Yarinyar ga tana ƙarewa."

Kalmar jini ta daki ƙirjinsa. In aka auna ta, shi aka auna. Ma'aikatan gidan likita 'yan gari ne, suna salla masallaci ɗaya da shi.

"Ba inda za ki."

"Dan Allah. Ko ita kaɗai a kai."

"In an kai ta, tambayar uwa za su yi. So kike a yi da mu a gari? Bai ishe ki abin da ake faɗa ba?"

"Ai an riga an faɗa."

"To ki rufa wa kanki asiri. Inna ta ce haƙora ne. Gobe in zan dawo zan biya farmasi in sayo mata magani."

Ta daɗe a durƙushe. Ya ƙi duban ta. Da ta tashi, ya ga yadda zanen ɗaurin ƙirji ya fito ta ƙarƙashin rigarta, ya ga ta rame ita ma. Ya kusa kiran ta. Sai ya ce a ransa, in na faɗa yanzu gidan ya watse, Inna ba ta iya ɗaukar wannan da hawan jininta. Ya tashi ya yi alwala.

Maganin farmasi bai yi komai ba. Maɗigar yarinyar ta faɗa, idanunta suka zurma. Inna Ɗelu ta kwaɓa magani ta shafa mata a ka, ta ce maɗiga ce, ta san ta. Kukan ma ya zama ɗan siriri kamar na mage, babu hawaye.

Ranar da Shamsu ya tafi da lodin ridi, Fiddausi ta shiga ɗakin surukarta da safe ta ga yarinyar kwance, ido rabi a buɗe, ƙuda na tafiya a kan leɓenta ba ta ko motsa ba. Ta sunkuya ta ɗauke ta, ta goya, ta ja mayafi.

"Ina za ki da ita?"

"Likita."

"Da iznin wa? Mijinki ya ce..."

"Inna, ki gafarce ni."

Wannan ce rana ta farko da ta taka ƙofar gida ba da izni ba. Tsohuwa ta jawo takalmi ta bi ta tana faɗa.

A gidan likita wata ma'aikaciya mai suna Mardiyya ta karɓi yarinyar. Ta ja fatar cikinta ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Ta ruga da ita ciki. Sai da aka sa mata ƙarin ruwa ta dawo ta zauna gaban Fiddausi.

"Wata nawa gare ta?"

"Ta shiga na bakwai."

"Tana shan nono?"

"An cire ta."

"Dan mi?"

Inna Ɗelu ta karɓe. "Nonon uwar ne ba kyau. Ni na gwada da kaina, kiyashi suka mutu a ciki."

Mardiyya ta dube ta. "Inna, ko a nonon saniya kika zuba kiyashi mutuwa za su yi. Nutsewa suka yi. Babu nonon uwa da ke ɓaci haka kawai. Wannan yarinya ruwa marar tsabta da yunwa ne suka kai ta nan."

"Ku dai 'yan lakwal masu boko haka kuke cewa," in ji tsohuwa, ta kawar da kai.

Mardiyya ta nemi yardar Fiddausi ta ɗebi jininta, aka duba abin da ake dubawa. Ta dawo ta ce mata lafiyarta lau, babu komai. Ta sa ta kwance zanen ƙirji, ta ga yadda ya ci fata ya bar sawu. Ta ce za su yi ƙoƙarin dawo da nonon: a riƙa ɗora yarinyar tana tsotsa, ana zuba mata madarar likita ta ɗan siririn tiyo a gefen baki. Fiddausi ta ɗora ta. So take ta tambayi Mardiyya abu ɗaya, game da ranar da aka tafi Sarkin Yamma, amma Inna Ɗelu na zaune a bakin gado ba ta gusawa. Yarinyar ta kama nonon da leɓe, ta kasa ja.

Shamsu ya iso washegari, ko kamyon bai kai tasha ba. Majon wurin, wato babban ma'aikacin jinya, wani dattijo ne mai furfura da ake kira Malam Abdurrahman. Ya kira shi ofis ya rufe ƙofa.

"An ce kai ka hana a ba ta nono. Wa ya gaya maka ya ɓaci?"

Shamsu ya fara maganar mai sani na hanya. Majo ya bar shi ya gama, yana kallon sa. Sai Shamsu ya kife fuska a tafin hannu, maganar ta ɓalle. Ya faɗi Jibiya, ya faɗi macen, ya faɗi abin da aka yi da wanda ba a yi ba, da ƙurajen baki, da abin da ya karanta a salula.

"Shi ke nan?" in ji majo.

"Shi ke nan."

"Ba ka taɓa aunawa ba?"

"Na ji tsoro."

Majo ya cire tabarau ya ajiye. "Yawu ba ya ɗaukar wannan ciwo. Ba a samun shi a moɗa, ba a samun shi a kwanon tuwo. Abin da ka ce ya faru, da wuya ƙwarai a ɗauka ta nan. Kuma da kana da shi, da matarka na da shi, akwai maganin da uwa ke sha ta shayar da ɗanta. Da ka zo ka tambaya, da a zama ɗaya mun gama. Kawo yatsa."

Ya soke shi, ya ɗiga jinin a kan ɗan abin awo, ya ajiye kan tebur. Shamsu ya zauna yana kallon abin awon. Bayan ɗan lokaci majo ya duba.

"Babu. Kuma lokacin da ya wuce tun bazara ya isa a gani in da akwai. Ba ka da shi. Zazzaɓin sauro ka yi, sauran kuma tsoro ne."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Yanzu saura naka. Matar nan taka da ke can tana ganin ita ta cuci ɗiyarta. Ban ce lalle ka ba ta labarin Jibiya yau ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka da ita. Ni ba ni da ikon faɗa. Amma ka je ka ce mata nononta lafiya lau, kai ka ƙaga maganar. Daga bakinka za ta yarda, ba daga namu ba."

"Zan faɗa mata. Wallahi zan faɗa."

Ya fito. Rana ta yi masa haske, iska ta shiga ƙirjinsa har ƙasa. Bai san lokacin da ya tsinci kansa a bakin titi gaban mai tsire ba. Yunwar watanni ta taso masa, ya ci, ya ƙara, yana jin daɗin yaji a harshen da ya daɗe yana tsoro. Sai da ya lashe yatsa ya tuna inda yake. Ya koma ciki da kunya.

Ta taga ya hango su. Fiddausi na zaune bakin gado, ta sunkuya kan yarinyar, tana matsa nononta da yatsu ko ɗigo zai fito. Uwarsa na gefe da carbi. Ya ce a ransa, ba gaban Inna ba. Da Inna ta fita alwala ya ce, ba yanzu ba, bari yarinyar ta farfaɗo, in ta farfaɗo maganar za ta yi sauƙi.

Ummulkhairi ba ta farfaɗo ba. Ranar Laraba da hantsi ta cika, a hannun uwarta. Fiddausi ba ta yi kuka ba, don ɗiyar fari ce kuma surukarta na wurin. Ta rufe mata ido, ta gyara mata hula, ta miƙa wa Inna Ɗelu.

Mata suka cika gidan. Inna Ɗelu na tsakiya tana kuka na gaske, don ta so jikarta. Duk wadda ta shigo sai ta maimaita mata: sun yi iya ƙoƙarinsu, ɗanta ya sayi madara mai tsada, ita ta hana idonta barci, amma dafin nonon ya riga ya shiga jikin yarinyar tun farko. Matan na jinjina kai, suna satar kallon ɗakin Fiddausi. Shamsu na zaure yana karɓar gaisuwa, katanga ɗaya ce tsakani, yana jin kowace kalma. Maza na ce masa ya yi haƙuri, ya yi abin da uba ke yi. Yana amsawa da amin.

Bayan an share makoki, wata la'asar gidan ya yi shiru. Yana zaune a ɗakinsa sai ga ta ta yi sallama. Ta durƙusa bakin ƙofa. Ya ga dama ta zo har inda yake, ya fara shirya kalmomin. Ta riga shi.

"Maigida, na zo neman gafara."

"Gafarar mi?"

"Na ci amanarka. Ranar da Inna ta tafi Sarkin Yamma, yarinyar ta yi ta kuka, na kasa daurewa. Na ba ta." Muryarta ta karye. "Na ba ta ta sha har ta ƙoshi. Washegari zawon ya fara. Ka hana ni, ban ji ba. Masu likita sun ce ba nonon ba ne, amma ba su san na ba ta ba. Ni na sani. Ni na kashe maka ɗiya."

Sai a lokacin kukan ya zo mata. Ta kifa goshi a ƙasa, jikinta duka na girgiza.

Shamsu ya dube ta. Wannan shan da take kuka a kai, shi ne abinci mai tsabta na ƙarshe da ɗiyarsa ta ƙoshi da shi a duniya, kuma ya san haka. Kalma kaɗan ta isa ta ɗaga matar nan daga ƙasa. Amma in ya ce nonon lafiya lau, za ta ce to mi ya sa. In ta ce mi ya sa, sai Jibiya ta shigo gidan, ta kai kunnen Inna, ta kai Gabi wurin iyayenta, ta kai zauren da aka gama yabon sa. Ya ce a ransa, faɗar ba za ta dawo da wadda ta tafi ba. Ya ce a ransa, asirin da Allah ya rufa ba kyau bawa ya tona. Ya ce, wata rana, in ta ɗan warke.

"Ki yafe..." ya fara, ya tsaya.

Ta ɗago, fuskarta duk ƙasa, ba ta ji sosai ba. "Na'am?"

"Na yafe miki," in ji shi. "Kwananta ne ya ƙare. Tashi."

"Allah shi saka maka da alheri," in ji Fiddausi. "Wani namijin da sakina zai yi."

Ta share ido da bakin mayafi, ta tashi ta je ɗora masa tuwo.

Shamsu ya mayar da moɗarsa kan randa, ya koma cin abinci da mutane, jikinsa ya murmure har ana yi masa barka. A unguwa ana misali da shi, mutumin da ya riƙe mace mai mugun nono bai kore ta ba. Fiddausi na yi masa hidima kamar mai biyan laifi, ba ta ɗaga murya, ba ta neman zuwa gidan suna. Da kaka ta samu wani cikin. Inna Ɗelu ta riga ta faɗa gaban kowa cewa wannan karon ba za a yi sake ba, abin da za a haifa ko ɗigo ba zai ɗanɗana ba, daga ranar farko madara za a ba shi. Fiddausi ta ce to. Shamsu na wurin, yana wanke hannu zai ci abinci. Bai ce komai ba.